Ranar da Muka Share Dutsen San Cirilo

"Don Nicanor, ka ce wa mutumin can ya sauke addarsa."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Da ma ihu ta yi, da abin ya zo mini da sauƙi. Dakta Maricruz Zamorano ce tsaye a gefen hanya, jaka a kafaɗa, tana haki saboda hawan dutse. Ta kafe compadre Melitón da ido, shi kuma ya ɗaga adda zai sare wata sarƙaƙiya. Ni ina tsakiyar fili, bokitin farar ƙasa a hagu, buroshi a dama, ina murmushin mutumin da ya san yabo na tafe.

"Sannu da zuwa, Dakta," na ce. "Kin zo a kan gaɓa. Dubi yadda muka gyara miki wurin aikinki."

Ta duba. Ni ma na sake dubawa, don abin ya isa kallo. Rabin gangaren dutsen ya zama fes, kamar tsakar gidan da ake jiran surukai. Babu ƙaya, babu busasshen ganye, babu ko tsinke. Mata sun bi da tsintsiya har sawunta ya fito layi-layi. Kowace biznaga kuwa, wato ɗan dunƙulen tsiro mai ƙaya da Dakta ke zuwa dominsa, na sa an kewaye ta da duwatsu, an shafe su da farar ƙasa, sai ƙyalli suke yi a rana. Wannan dabarar tawa ce ni kaɗai, ba wanda ya ba ni shawara.

Dakta ta ajiye jakarta a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ta ce, "Itatuwan da ke nan fa?"

"Ƙayoyin? Mun raba ki da su."

"Ina suke?"

Na nuna mata hayaƙin da ke tashi daga bayan coci, can ƙasa. Ramin gashin naman biki ke nan. Ni mutum ne da ba ya son ɓarna, tun da sassafe na sa aka riƙa ɗora itacen a kan jakuna ana kai wa masu gashi.

Sai ta zauna a ƙasa daɓas.

To, kafin a yanke mini hukunci, a ji ta bakina. Ni ne uban bikin Gicciye na bana a San Cirilo. Kowace shekara a farkon watan Mayu, lokacin da zafi ke iya dafa ƙwai a kan fa, mukan ɗauki gicciyen gari mu hau da shi ƙololuwar dutse da kiɗa da furanni. Jajiberin ranar ana yin gayya, a share hanyar, a shafa wa duwatsun gefenta farar ƙasa. Iyakar abin ke nan tun kaka da kakanni. Amma bara compadre Melitón ne uban biki, ya ƙara da shafe gindin itatuwan ƙofar coci, aka shekara ana zancen. A kanti, a gidan makoki, ko'ina ka juya, "Ai Melitón ya iya biki." Mutumin nan shi ya riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna compadre, ina ƙaunarsa har zuciya, amma ba zan mutu ya fi ni ba. Na ce in shi ya yi itatuwa, ni zan yi dutse.

Kuma ni ne mai gadin wurin, wannan ma a sa a lissafi. Shekaru ke nan Dakta na zuwa daga jami'a saboda wata irin biznaga da ta ce ba ta fitowa ko'ina a duniya sai a wannan gangaren namu. Dunƙulen ƙaya ce, girmanta bai wuce lemo ba, da farin gashi a ka, shi ya sa muke kiranta 'yar furfura. Mu dai mun san ta da huda takalmi. Dakta ce ta ce ta kusa ƙarewa, kuma akwai masu zuwa su haƙe ta su sayar wa masu tara irinta a tukwane a ƙasashen waje. Ta hana a ja waya, ta hana a kafa allo. Ta ce shinge yatsa ne mai nuna wa ɓarawo wuri. Abin da ta roƙa ɗaya ne, a samu mutum mai hankali ya riƙa sa ido. Taron gari ya tambayi wa zai yi, na miƙe kafin a gama tambayar.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji ta. "Kada wanda ya ɗaga ƙafa. Doña Eduviges, har ke, don Allah."

Eduviges matata ce. Ta tsaya da tsintsiya a sama, tana yi mini kallon da na sani tun ranar aurenmu.

Dakta ta rarrafa zuwa wani kututture da adda ta bari, ta sa fuskarta dab da ƙasa, ta daɗe. Sannan ta yafito ni. Na tafi a kan yatsun ƙafa na durƙusa. Ta nuna mini wani abu da tsinke.

"Me ka gani?"

"Tsakuwa."

Ta miƙo mini gilashinta mai ƙara girman abu. Tsakuwar ta zama wani ɗan dunƙule kamar ƙwayar wake, kore-kore, da 'yan ƙayoyi masu laushi kamar gashin jariri.

"Jaririyar biznaga ce," ta ce. "Tun da na fara zuwa dutsen nan ban taɓa ganin ƙarama ba. Duk tsofaffi ne. Suna fure, suna 'ya'ya, amma babu mai tasowa. Sai bayan ruwan bara na same su, kuma duk wadda na samu a ƙarƙashin ƙayoyin nan take. Na ɗaura jan zare a reshen da ke saman kowace ɗaya."

"Jan zare," in ji Melitón daga inda ya daskare. "Ashe naki ne. Compadre ya ce asiri ne, shi ya sa aka fara ƙona su."

Ban kula shi ba. Na ce, "Me ya hana ki gaya mini? Ni ne fa mai gadi."

"Na san bakinka, Don Nicanor."

"Ta san ka, tsoho," in ji Eduviges, kamar an tambaye ta.

Tsofaffi babu masu tasowa. Wannan maganar ta same ni inda ban zata ba. Na waiga na dubi 'yan gayyata, daga mai furfura sai mai rawar hannu. Samarin San Cirilo duk sun tafi Arewa, can ƙetaren iyakar ƙasa, neman aiki, har da nawa biyu, makarantar gari ma masara muke tarawa a ciki. Ashe dutsen ya yi abin da mu muka kasa, ni kuma na zo masa da tsintsiya.

Na ce, "Yanzu me zai same su?"

Ta ɗaga kai ta dubi rana. Hantsi ya riga ya yi nisa. "In ta kai tsaka ba su da inuwa, dahuwa za su yi. Ba su taɓa ganin rana ido da ido ba. Kuma ban san inda kowace take ba, alamata ta tafi gashin nama."

"Amma dai fararen duwatsun sun yi kyau, ko?"

"Za mu zo kansu. Kada ka tuna mini yanzu."

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Nawa ya kai dutse guda, na hau na duba ko'ina ban hango na kowa ba. Sai na yi abin da na fi iyawa, wato ba da umarni. Na jera mutane kafaɗa da kafaɗa a ƙasan filin, na ce kowa ya durƙusa. An daɗe kafin a kai ƙasa, gwiwoyi na ƙara kamar ana karya kara. Dakta ta bi layi da gilashinta tana nuna wa kowa abin da ake nema. Ta ce a fi duba gindin kututture, kuma duk wanda ya gani kada ya taɓa, ya ɗaga hannu kawai.

Muka fara rarrafe. Mata ne suka fi gani, su da suka saba tsince tsakuwa daga cikin wake. Eduviges ta ɗaga hannu sau uku kafin in gama gyara zaman gwiwata. Melitón ya samu ɗaya, ya sanar da ita kamar matarsa ce ta haihu. Ni kuwa na daɗe ba na ganin abin da ke kusa da hancina, amma tabarau na tsofaffi ne, ni ban kai nan ba tukuna.

Muna cikin haka Fada Eulogio, limamin cocinmu, ya hawo don ya sa wa hanya albarka. Ya tarar da garinsa kaf a kan gwiwa, goshi a ƙasa, ana hawan dutse babu mai ko tari. Ya tsaya, laimarsa a hannu, idonsa ya kawo ruwa.

"Shekara da shekaru ina wa'azi ban ga irin wannan tuba ba," ya ce. "Nicanor, ɗana, kai ka kai su ga haka?"

"Ni ne, Fada," na ce, don gaskiya ce.

Eduviges ta ƙarasa masa sauran labarin a jimla biyu. Fada ya share idonsa, ya dube ni, ya naɗe rigarsa ya shiga layi.

Samun jariran wani abu ne, rufe su wani abu ne daban. Na kawo shawara a saro ƙaya daga rabin da ba mu taɓa ba a rufe su da ita. Dakta ta dube ni har na ji kunyar bakina. Mata suka cire mayafansu, amma iska na kwashewa, in kuma an danne da dutse sai mayafin ya kwanta a kan tsiron ya toshe shi. Laimar Fada ta rufe guda biyu da Allah ya sa suke maƙwabtaka. Dakta ta ce abin da ake so mai inuwa ne, mai shan iska, wanda zai tsaya da kansa in an tokare gefensa da dutse. Tana magana idonta na hawa daga fuskata zuwa sama.

Maza suka dafe malafunsu. A San Cirilo namiji zai ara maka jakinsa, ya ara maka addarsa, in ka matsa har haƙoransa na roba, amma ban da malafarsa. Da ita yake noma, da ita yake gaisuwa, da ita ake binne shi.

"Uban biki shi ke buɗe komai, compadre," in ji Melitón, muryarsa kamar zuma. "Kai ka fara ɗanɗana nama, kai ka fara rawa. Al'ada ce."

Yanzu dole in faɗi abin da ke ƙarƙashin tawa malafar. Babu komai. Gashin gefe yana nan, baƙi wuluk, ina kula da shi yadda ya kamata, amma daga nan zuwa sama fili ne fetal tun kafin auren 'yata. Ba wanda ya taɓa gani. A coci, inda dole a cire malafa, nakan ɗaura jan ƙyalle in ce ciwon kai nake yi. Kuma a ranar nan, da hannuna na cire ƙyallen na tace farar ƙasa da shi.

"Tawa ba ta aiki ba ce," na ce. "Ta biki ce, daga birni aka kawo ta."

"Cire, tsoho," in ji Eduviges.

"Ke ba ki san abin da..."

"Ni nake wanke matashin kanka."

Na dubi ɗan tsiron da ke gaban Dakta. Inuwarta kaɗai ke kansa, inuwar kuma sai guntulewa take yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kama malafar da hannu biyu na cire, na kifa ta a kan tsiron, na tokare gefenta da dutse. Na rufe ido ina jiran dariya.

Babu wanda ya yi dariya. Babu ma wanda ya yi mamaki, wannan ne ya fi yi mini ciwo.

"To," in ji Melitón, yana cire tasa, "yau Farin Wata ya fito da rana tsaka."

"Wane ne Farin Wata?"

"Kai mana, compadre. Tun zamanin Fadan da ya rasu."

Wata tsohuwa daga ƙarshen layi ta ce, "Har jikokina in sun bugo waya daga Arewa sai sun ce a gai da Don Farin Wata."

Na dubi Eduviges. Ta ci gaba da duba ƙasa, kafaɗunta na rawa. Shekaru ina ciwon kan ƙarya a gaban Allah kowace Lahadi, ashe gari kaf taya ni ɓoyewa yake yi.

Malafu suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Ni da Dakta muka bi muna tokarewa. Don in kawar da zancen wata, na ce, "Dakta, inuwar ce ke raya su, ko ba haka ba?"

"Ban sani ba."

Na zaci ban ji daidai ba.

"Wataƙila inuwar ce," ta ce, tana gyara zaman wani dutse. "Wataƙila ganyen da ke ruɓewa a gindin ƙayar ne. Wataƙila ƙayar ce kawai ke hana a taka su. Ban san wane ƙwaro ke ɗaukar garin fure daga wannan ya kai wa waccan ba, na kwana biyu ina zargin wani ɗan ƙudan zuma amma ban kama shi yana yi ba. Ban san shekara nawa take yi kafin ta fara fure ba. Wannan da ka yi wa zoben farin dutse, mai yiwuwa ta girmi kakanka. Abin da ya fi damuna, ban san wa ke ɗauke irin daga uwar ya kai shi ƙarƙashin ƙaya ba. Tururuwa, ko tsuntsu, ko ruwan sama. In ban san wannan ba, ban san abin da zan ce a kare ba."

"To duk shekarun nan me kike ta aunawa?"

"Girman abin da ban sani ba."

"Ashe ni ma dakta ne," in ji Melitón.

Ta yi ɗan murmushi, na farko a ranar. Sannan ta ce da ma abin da ya kawo ta shi ne ta roƙi taron gari a hana awaki hawa wannan gangaren, don tana zaton su ke tattake jariran. Layin masu rarrafe ya ɗauki gunaguni. A San Cirilo ka zagi uban mutum ya fi sauƙi da ka taɓa akuyarsa. Amma ba wanda ya ɗaga murya, mutumin da ba malafa a kansa ba ya iya gardama.

Malafu suka ƙare, jarirai ba su ƙare ba. Muka jingina faffaɗan duwatsu a kan wasu. Faffaɗan duwatsu ma suka ƙare. Sauran, Dakta ta kafa ɗan tsinke kusa da kowace, ta wuce.

"Waɗannan fa?" na ce.

"Za mu bar su."

"Su mutu?"

"Da hannuna ba zan taɓa sare musu inuwa don in ga abin da zai faru ba, Don Nicanor. Ba wanda zai ba ni izni, ni ma ba zan ba kaina ba. Amma ka riga ka yi mini. Yanzu ga na ƙarƙashin malafa, ga na ƙarƙashin dutse, ga na fili, ga can rabin da ba ku kai gare shi ba. In za su mutu, gara mutuwarsu ta koya mana wani abu."

Na juya zan tafi, sai idona ya faɗa kan wani abu a gindin kututture, can gefe, inda layi ya riga ya wuce. Ɗan dunƙule, kamar ƙwayar wake, da ɗan fari-fari a kansa. Kowa ya tsallake ta, ni na gan ta. Ban ɗaga hannu ba, don na san tsinke za a kafa mata. Na durƙusa, na dafa ƙasa da hannu biyu, na yi mata rumfa da jikina.

Rana ta kai tsaka. Mutane suka gangara cin abinci a inuwar coci. Melitón ya tsaya a kaina.

"Compadre, ƙwai kake ƙyanƙyasa?"

"Tafi ka ci abinci."

"In kan ya nuna ka aiko, a sa masa gishiri."

Eduviges ta hawo mini da ruwa da wainar masara, ta ba ni a baki don ba zan iya ɗaga hannu ba. Ta ce bari ta rufa mini mayafinta. Na ce uban biki ba ya yafa mayafi. Ta ce, "Ka ga dama," ta tafi da abinta.

Ban taɓa sanin rana na da nauyi ba sai ranar. Ta zauna a tsakiyar kaina kamar dutsen guga. Gumi ya riƙa bin hancina, ina kauda fuska kada ya ɗiga wa yarinyar. Da rana ta karkata, ni ma na karkata. Na yi mata hira. Na ba ta labarin 'ya'yana, babban yana rufin gidaje, ƙaramin yana wankin kwanuka, dukansu sun ce baɗi za su zo biki, bara ma haka suka ce. Na ce mata ita kam ba inda za ta, nan aka haife ta, nan za ta yi furfura. Har suna na sa mata, amma wannan tsakanina da ita ne.

Da la'asar ta yi sanyi aka hawo dubawa. Dakta ta bi malafu tana ɗagawa ɗaya-ɗaya, tana taɓa kowane tsiro da bakin tsinke. Na ƙarƙashin malafa suna nan da taurinsu, har da tawa. Na ƙarƙashin dutse ma mafi yawa sun tsira. Na fili kuwa da yawa sun yi ja, sun yamushe, tsinke na taɓa su suna lotsawa. Ta ce gaskiyar magana ba za ta fito ba sai ruwa ya sauka, amma dai an ceci fiye da rabi, kuma malafu za su zauna a nan har ta kawo yadin inuwa daga birni.

"Gobe fa biki," in ji wani.

"Ku hau da kai a buɗe," in ji Fada. "Da ma haka ya kamata."

Sai ta iso kaina. Mutum biyu ne suka miƙar da ni, bayana ya ƙi komawa daidai. Na ce, "Ga tawa, Dakta. Ko ɗigon rana bai taɓa ta ba."

Ta durƙusa da gilashinta. Ta duba. Ta ɗago ta dube ni, ta sake dubawa. Sannan ta sa yatsu biyu ta ɗauke abin daga ƙasa cak.

"Don Nicanor, kashin akuya ne."

"Farin gashin fa?"

"Farar ƙasarka ce ta ɗiga a kai."

Dariyar da ba a yi wa sanƙona ba, ita aka biya ni da riba. Melitón ya kwanta a ƙasa yana dukan tsakuwa. Fada ya juya baya yana tari. Eduviges kaɗai ce ba ta yi ba, ta zo ta tsaya kusa da ni tana duba kaina da ya yi ja kamar tumatir, ta ce a hankali, "Gobe za ka sayi tabarau."

Dakta ma dariyar take yi, tana murza abin a tafin hannunta za ta yar. Sai ta tsaya. Ta kai gilashin kan tafin. Dariyar ta ɗauke mata kamar an hure fitila.

"Ku yi shiru," ta ce, kamar surutu zai kore shi. Ta miƙo mini gilashin. A cikin garin kashin akwai wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi masu sheƙi, ƙanana kamar kan allura.

"Irin 'yar furfura ne. Lafiyarsu lau, ba su fashe ba." Ta dubi kututturen, ta dubi gangaren. "Awakinku ina suke fakewa in rana ta yi zafi?"

"Gindin ƙaya mana," in ji Melitón. "Su ba su kai compadre jarumta ba."

"To batun hana awaki a dakata da shi," ta ce. "Ba na cewa su ne. Kashi ɗaya ba hujja ba ne. Sai an tara da yawa, daga kowane gefe, rani da damina, a shuka a ga ko suna tsirowa. Ina bukatar mutum mai haƙuri, wanda zai iya wuni a kan kashin akuya bai gaji ba."

Gari kaf ya juyo ya dube ni. A wannan karon ban miƙe da kaina ba, miƙa ni aka yi.

Muka gangara. A ƙofar coci Dakta ta shiga motarta, ta ce za ta kwana a birni ta dawo da yadin gobe. Ta leƙo ta taga ta nuna mini dutsen. Daga nan ƙasa ban taɓa kallon aikina ba sai lokacin. Rana na faɗuwa a kansa, fararen zobba na ta haske, ɗaya bayan ɗaya, kowane da 'yar furfura a tsakiyarsa. Makaho ma zai iya ƙirga su daga babban titi.

"Shekaru ina ɓoye su," ta ce. "Gari na wayewa, kafin a ɗaga gicciye, a juya kowane dutse farin ya kalli ƙasa. Kafin nan kuma, Don Nicanor, bakinka."

Na ɗora yatsa a leɓe. Ta tafi.

Ƙurar motarta ba ta gama kwantawa ba wata farar mota mai rufaffen baya ta shigo gari a hankali, ta tsaya a gindin itatuwan Melitón. Wani mutum ya fito, fes da shi, takalminsa bai san ƙaya ba. Ya buɗe bayan motar zai ɗauko wani abu, na hango ƙananan tukwane babu komai a ciki an jera su cikin juna, da damin tsofaffin jaridu, da 'yan gajerun ƙarafan haƙa. Ya rufe da sauri, ya juyo da fara'a, ya gai da Fada, ya gai da mata, ya bi kawunanmu da kallo har ya tsaya a kan wanda ya fi ja.

"Ina wucewa ta babban titi na hango dutsenku," ya ce. "Na yi yawo a ƙasar nan, ban taɓa ganin gyaran biki irin wannan ba. Na ce sai na ga mai wannan basira da idona. Wane ne uban biki?"

Tun safe nake jiran wani ya faɗi haka. Na ji ƙirjina na tasowa da kansa. Eduviges ta ɗora diddigenta a kan babban yatsana ta danna.

Mutumin ya matso. A hannunsa akwai sabuwar malafa, fara, mai faɗin baki, irin ta birni. Ya dubi kaina cikin tausayi, ya miƙo mini ita.

"Gwada mu gani, ranka ya daɗe," ya ce. "Sai ka ɗan zagaya da ni can sama kafin duhu ya yi."